Gonar da Eino Ya Ɓoye a Kurmi

Kwamfuta takwas ne a ɗakin bayan shagon Gord, kujera takwas, mu kuma takwas ɗin nan muna ji da kanmu kamar mu muka kafa garin Thunder Bay. A gaban shagon gyaran firiji da injin wanki ake yi. A bayan kuwa, kowace Asabar daga sha ɗaya na safe har a rufe da yamma, yaƙi muke yi. Manyan mutane, wasu da furfura, wasu da 'ya'ya uku, mu zauna muna tura dodanni su rushe garuruwan juna, muna ihu kamar an taɓa mana gado. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: ni ma ina ciki. Sunana Rhonda, a lokacin shekarata arba'in da ɗaya, motar 'yan makaranta nake tuƙawa, kuma duk ɗakin babu mai saurin fushi kamata.

Ƙabila huɗu ce a wasan, kuma ni daga wadda mutum ya ɗauka nake gane halinsa. Tawa Dodanni ce, ƙatti masu gatari, ba dabara ba kwana-kwana, mu zo mu fasa ƙofa mu shiga. Akwai 'Yan Kurmi, maharba masu harbi su ruga, kuma duk mai ɗaukarsu irin mutumin nan ne da zai goge maka mota a bakin kanti ya sulale bai bar ko takarda ba. Akwai Matattu, waɗanda suke tayar da gawar wanda suka kashe ta zama sojansu, su ne abin ƙaunar 'yan burga. Sai ta huɗu, Mutane, wadda ba wanda yake kiranta da sunanta. Manoma muke cewa, don ba za su fitar da soja ɗaya ba sai sun gina gonar da za ta ciyar da shi, ga ganuwa, ga hasumiya, ga ɓata lokaci.

Eino Halonen manomi ne, har cikin ƙashinsa. Shekararsa sittin da ɗaya. Ya yi ƙuruciyarsa yana sare itace a daji, sannan ya yi shekara talatin da wani abu a masana'antar takarda har ranar da aka sallame su. Firiji ya kawo gyara wata Asabar, ya leƙo ɗakin baya, shi ke nan bai ƙara fita ba. Da yatsa biyu yake danna maɓallai, yana laluben kowanne kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Gonakinsa a jere suke reras, leburorinsa ba sa hutawa, zinarensa ya taru ya yi ta taruwa bai kashe ba. Kullum da dukiya yake mutuwa. In ana buga huɗu da huɗu a ɓangarena yake, don ba wanda zai ɗauke shi, kuma na zage shi a ɗakin nan fiye da yadda na taɓa zagin tsohon mijina.

Dokar kujera Gord ne ya kafa ta. Duk bayan wata uku, wanda sunansa yake ƙasan allon maki zai kara da duk mai jiran gurbi, wasa ɗaya tak, wanda ya faɗi ya haƙura da kujerar. Shekara biyu Eino yana ƙasan allon, amma ba mai jira, don haka dokar tana nan tana barci. Sai a hunturun 2003 Allah ya jefo mana Curtis Dubray.

Curtis mai sayar da wayar hannu ne a babban kanti, shekara ashirin da bakwai, gashi ya sha mai har yana ƙyalli. Da linzamin kwamfutarsa yake yawo a cikin 'yar jaka mai zif, wai na shagon suna ɓata masa hannu. Ya san sau nawa yake danna maɓalli a minti ɗaya, kuma ko ba ka tambaya ba zai gaya maka. Sati shida ya yi yana tsaye a bayanmu yana cin soyayyen dankalinmu yana gyara mana wasa. Matattu yake ɗauka, wannan ko ban faɗa ba an sani. Abin haushin shi ne ya iya. Da a ce cika baki ne kawai, da na ji daɗin raina shi sosai.

Ranar Asabar ɗin karawar na riga kowa zuwa, na tarar da Eino a gindin tukunyar kofi, sanye da riga mai guga kamar mai zuwa coci.

Na ce, "Eino, saurara. Yau ka bar gonakin nan. Ɗauki Dodanni, ka tara ƙatti shida, ka afka masa tun bai gama shimfiɗa ba. Wataƙila ka dace."

"Ban san maɓallansu ba."

"Maɓallan naka ma ka sani ne? Haba dattijo! Yaron nan zai yi maka wanka ya shanya ka a igiya."

Ya yi ta juya kofinsa da cokali, ga shi ko sukari bai sa ba. Can ya ce, "Rhonda, tun da matata Aila ta rasu, gidan nan in na yi tari sai in ji kamar na dami wani. 'Yata tana Calgary, sau ɗaya take kira a wata. In na rasa kujerar nan ban san inda zan sa kaina ranar Asabar ba."

Ni kuma ban iya lallashi ba, sai na hau shi da faɗa. Na ce masa to ya daina wasa kamar mai shirin yin ritaya a cikin kwamfuta. Ya yi murmushi ya je ya zauna a kujera ta takwas, wadda ƙafarta ɗaya take da ɗauri da salatif.

Al'ada biyu ce take riƙe da ɗakin nan, kuma mun fi girmama su a kan dokar hanya. Ta farko, in an kashe sojojinka, babban gidanka yana ci da wuta, sai ka rubuta "wasa ya yi kyau" ka fita. Shi wasan a kan kansa ba ya ƙarewa sai an rushe gininka na ƙarshe, ko da gona ɗaya ce, amma ba mai mutunci da zai tsaya a bi shi gini-gini. Ta biyu, a wasan kujera 'yan kallo ba sa magana. Ba tari, ba gyaran murya, ba nuni da baki. Wanda ya karya, Gord zai kore shi wata guda.

Ƙarfe biyu aka fara. Mu bakwai har da Gord muka jeru a jikin bango inda muke ganin allon kowannensu, su kuma suna ba juna baya.

Ba sai na ja labari ba. Eino ya jera gonakinsa, ya tura leburori biyu can gefen kurmi suna sara, su kaɗai, nesa da sauran. Na gani na yi tsaki a zuci, na ce ga shi nan, ko itacen ma sai ya zaɓi mai nisa. Kafin ya gama ganuwarsa Curtis ya iso. Minti goma sha takwas, sojojin Eino sun mutu sun tashi sun koma ɓangaren Curtis, suna rusa gonakin da suka ci daga cikinsu. Minti ashirin da biyu, babban gida ya kama da wuta.

Duk muka zuba wa yatsun Eino biyu ido, muna jiran su rubuta kalmomi huɗun nan. Ba su rubuta ba.

Curtis ya zame abin jin sautin wasa daga kunnensa ya rataye a wuya, ya juyo da kujera. "Baba, an gama fa. Ko ba ka ga wutar ba ne? In kawo maka tabarau?"

Eino bai waiwayo ba.

"To shi ke nan. Tun da so kake a yi maka jana'iza da kiɗa, bari in kira makaɗa."

A wasan nan baki ɗari kawai aka yarda ka ciyar, lebura da soja duk baki ne. Gwanayen Matattu suna da wata burga da suke yi in nasara ta tabbata: su yanka leburorinsu gaba ɗaya don a sami gurbi, su juye duk zinaren da ya rage su sayi Ƙattin Ƙashi, wasu dirka-dirkan halittu masu faɗi kamar motar kwasar shara, masu tafiya kamar ba sa so. Ba don ana bukatarsu ba, don dai a nuna wa mutum cewa ko kasuwanci an daina, shi kaɗai aka sa a gaba. Curtis ya tara leburorinsa goma sha huɗu a tsakiyar gari ya yanka su ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana waigenmu ko mun gani. Mun gani. Ya sayi ƙatti biyar, asusunsa ya koma fanko, ya kwashe kowa da kowa ya tura garin Eino. Ko kare bai bari a gida ba.

Suka share garin tas. Gini na ƙarshe ya faɗi, Curtis ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu biyu, yana jiran allo ya rubuta masa nasara. Allo bai rubuta komai ba.

"Kai! Ina ka ɓoye shi?"

Mu da muke bayan Eino mun san inda yake. Leburori biyun nan da na yi wa tsaki, ashe ba itace suke tarawa ba, hanya suke yankawa. Siririya, faɗin mutum ɗaya, ta shiga kurmi ta karkata hagu ta sake karkatawa, yadda in ka wuce ta bakin dajin ba za ka ga komai ba sai itatuwa. A can ƙarshenta ya share ɗan fili ya dasa gona guda. Mutumin da ya yi shekaru yana fitar da gungume daga daji, shi muke koya wa yadda ake shiga kurmi.

Ni fa a lokacin ba burge ni ya yi ba. Kunya ce ta kama ni, kamar kawuna ya bugu ya tashi rawa a wurin biki. Na kalli sauran, kowa ya haɗe rai. Gord ya harɗe hannu yana kallon silin.

A taswirar wasan, duk inda ba ka da mutum baƙi ne ƙirin. Curtis ya shiga yawo da rundunarsa kusurwa-kusurwa, ƙattin nan suna jan ƙafa a baya, bakinsa kuwa bai huta ba.

"Ku duba min dattijon banza. Wannan wasa ne ko ɓuya? Baba, jikokinka sun san haka kake? Gord, ka ce masa ya fita mana, ina da wurin zuwa ƙarfe huɗu."

Gord ya ce, "Ni ma ɗan kallo ne."

Abin kunnen Curtis yana nan rataye a wuyansa, don ba zai iya zagi da kyau ba in kunnensa a toshe yake. Ta cikin abin kunnen nan kuwa wasan yake yi maka ihu in an taɓa garinka. Lebura ɗaya Eino ya bari a gona. Ɗayan ya bi da shi ta gefen taswira, a hankali, da yatsa biyunsa, har bayan garin Curtis inda ba kowa sai gawar leburori goma sha huɗu. Zinaren nan da muka shekara biyu muna yi masa dariya a kansa, yana nan cif. Ya kafa hasumiyar igwa. Ta kammalu, ya kafa ta biyu a jikinta. Ya kafa ta uku.

Igwa ta fara aiki. Ina jin ƙaramar murya tana fita daga wuyan Curtis, siririya kamar kukan sauro, tana cewa ana kai wa gari hari. Shi kuwa yana ba mu labarin wani gwani ɗan Toronto da ya taɓa lallasawa. Mutum bakwai a jikin bango, kowa ya ji, ba wanda ya ce uffan. Ba don ƙaunar Eino ba, kada wani ya yi mana wannan kyakkyawan zaton. Tsoron korar wata guda ne kawai.

Sai da hasumiya ta shida ta tsaya, rabin garinsa ya zama toka, sannan idonsa ya kai kan 'yar taswirar ƙasan allo ya ga ja yana walƙiya. Ƙarar da ya yi, na ɗauka yatsarsa ce ta shiga ƙofar mota. Ya juyo da runduna a guje. Masu sauri suka riga isa, igwa ta cinye su 'yan uku 'yan huɗu. Ƙattin suka iso daga baya suna haki, suka rushe hasumiya biyu, Eino ya sake gina su, don shi yana da lebura yana da zinare. Curtis ba shi da mai gyara ko ƙusa ɗaya, ba shi da abin sayen sabon lebura, da hannunsa ya yanka su yana waigenmu. Saurin yatsun nan da yake ƙirgawa a minti, ya yi ta dannawa kamar zai fasa teburin, babu abin da zai danna.

Ƙarfe huɗu saura kwata gininsa na ƙarshe ya faɗi. A allon Eino aka rubuta nasara, karo na farko da na taɓa ganin haka shi kaɗai ba da taimakon kowa ba. Ya cire abin kunnensa ya ajiye, ya juyo yana dubanmu da wata fuska kamar ta wanda ya kawo kyakkyawan sakamako gida.

Ba wanda ya tafa.

Curtis ya ce, "Wannan ba ci ba ne, kowa ya sani. Tun minti ashirin na gama da shi. Mutumin kirki da ya fita."

Gord ya sosa ƙeya. "Wanda allo ya ba, shi ya ci. Haka dokar take. Kujera ta Eino ce." Ya faɗe shi kamar mai karanta takardar tara. Sannan ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba: "Amma gaskiya, Eino, ba haka muke yi a nan ba."

Sai bakin kowa ya buɗe. Masu ɗaukar 'Yan Kurmi, waɗanda duk rayuwarsu harbi ne da gudu, su ne suka fi kowa wa'azin mutunci. Wani ya ce in kowa zai riƙa ɓoye gona, wasa ɗaya sai ya kai Litinin. Wani ya ce a wasan intanet da tuni an sa sunansa a jerin waɗanda ba a bugawa da su. Mutanen da ko layin kanti ba sa iya bi ba su yi rigima ba, yau su ne alƙalai.

Eino ya dube ni. "Rhonda, na karya wata doka ne?"

Na ce, "Ba ka karya doka ba. Kunya dai ka ba mu."

Haka na ce, kuma a lokacin har zuciyata nake nufi. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki kwat ɗinsa, ya wanke kofinsa ya kife, ya ce mana sai Asabar.

Asabar ta zagayo, ya zo sha ɗaya daidai, da kwalin donat dozin guda. Aka ci donat ɗin, wannan kam ba a bar ko ɗaya ba. Curtis ma ya zo, ya koma tsayuwarsa a jikin bango, har da masu ba shi haƙuri.

Yadda muke yi, mutum ɗaya zai buɗe wasa a kwamfutarsa, sunan ya fito a allon kowa, sauran su shiga. Eino ya buɗe, gurbi takwas, huɗu da huɗu kamar kullum. Bai kai minti ɗaya ba Gord ya buɗe wani daban, mai gurbi bakwai. Ba wanda ya yi shawara da wani, ba a ma kalli juna ba. Ɗaya bayan ɗaya suka shige na Gord. Sun gwammace a buga huɗu da uku, wasan da kowa ya san ba daɗi, da a ce sun zauna da mutumin da ya ƙi mutuwa lokacin da suka ga ya dace ya mutu.

Saura ni. Sunaye biyu a allona, na Gord mutum shida, na Eino mutum ɗaya. Daga inda nake ina hango allonsa. Ya jira, ya jira, sannan ya fara cike guraben da 'yan wasan kwamfuta. Ya sa huɗu a ɓangaren abokan gaba. Ya sa biyu a nasa. Gurbi ɗaya ya bari a buɗe, wanda yake ƙarƙashin sunansa, ya ɗora hannayensa a cinya. Bai juyo ba, bai kira ni ba.

Gord ya ce, "Rhonda, ke muke jira. Ko linzaminki ya mutu ne?"

Ni da nake taƙama ba na tsoron kowa, ni da na taɓa tsayar da mota a tsakiyar titi na sauke uban wani yaro da ya hau zai yi min rashin kunya, mutum shida masu warin dankali da man firiji suka sa na danna na Gord. Na raina su a ranar, har yau ina raina su, amma ba kamar yadda na raina kaina, matar da take zaune a kujera ta uku, ba.

Wasanmu ya ɗan jima kafin ya buɗe. A cikin wannan jiran na ga Eino ya ɗaga yatsa ɗaya, ya laluba, ya sa kwamfuta a gurbin.

Asabar huɗu ya ƙara zuwa, yana buga wasa da inji a ɗaki cike da mutane. Ta biyar bai zo ba. Gord ya jira har sha biyu, don a ce ya jira, sannan ya yi wa Curtis nuni da kujerar. Curtis ya zuge zif ɗin jakarsa ya fito da linzami, ya zauna, ya ce kujerar tana girgiɗi, a canza masa wata.